Katun ɗin da ya yi wa yaƙin Alamo shaƙiyanci, da abin da ya tsallake

1/ Jama'a, akwai wani kashi na katun ɗin King of the Hill da nake so mu tattauna yau. Minti ashirin da 'yan kai ne kacal, amma rigimar da ya taɓo har yanzu ba ta mutu ba a jihar Teksas ta Amurka: wa ke da ikon ba da labarin yaƙin Alamo, kuma ya dace a yi dariya a kansa? Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Bari in faɗi matsayina tun farko. Kashin ya yi daidai da ya ƙi goyon bayan toshe bakin mutane. Amma ya sauƙaƙa wa kansa aiki, don ya zana mai sukar tarihin a matsayin sakarai. Ainihin sukar da masana ke yi wa labarin Alamo ta fi wadda aka nuna nauyi, nesa ba kusa ba.

3/ Ga wanda bai san katun ɗin ba: Mike Judge da Greg Daniels ne suka ƙirƙiro shi, tashar Fox ta fara nuna shi a 1997. Ya yi zango 13 aka tsaya, sai Hulu ta dawo da shi a 2025. Kar ku ɗauka irin Tom and Jerry ne na guje-guje da duka da kasko. Na manya ne, labarin iyali ne da unguwa, a natse yake tafiya.

4/ Jarumin shi ne Hank Hill, mai sayar da iskar gas a wani ƙirƙirarren gari da ake kira Arlen. Mutum ne mai bin doka, mai kunya, yana son Teksas kamar ransa. Kullum shi da abokansa uku, Dale da Bill da Boomhauer, suna tsaye a lungun bayan gida suna shan giya. Ku canki sunan giyar. Alamo. Har a gwangwani sunan yake.

5/ Kashin da nake magana a kai yana zango na 8, an nuna shi a watan Afrilun 2004. Sunansa How I Learned to Stop Worrying and Love the Alamo, wato an ari salon sunan tsohon fim ɗin Stanley Kubrick na 1964, Dr. Strangelove. A watan ne kuma babban fim ɗin The Alamo ya fito a sinima, ya kuma tafka asara.

6/ Labarin a taƙaice: Hank ya duba sabon littafin tarihin Teksas da aka ba ɗansa Bobby a makaranta, sai ya ga kusan babu Alamo a ciki. Hankalinsa ya tashi. A wurinsa, yaro ya tashi a Teksas bai san Alamo ba, kamar a ce ya tashi bai san sunan kakansa ba ne.

7/ Sai ya haɗu da wani marubuci, Bruce Tuttle, wanda shi ma ya nuna abin ya dame shi. Suka shirya za su yi wasan kwaikwayo na yaƙin don mutanen gari su gani. Hank ya zage damtse wajen aikin dandamali, shi a tunaninsa ya samu ɗan'uwa a kishin jiha.

8/ Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Da Hank ya ga abin da Bruce ya shirya, sai ya tarar an mayar da jaruman nasa mashaya, matsorata. Mutanen da ya girma yana jin sun zaɓi mutuwa a kan miƙa wuya, ga su nan an mayar da su abin dariya, kuma da taimakon guminsa. 😅

9/ Hank ya ƙudura sai ya hana wasan. Amma daga baya ya ja da baya, ya gane cewa hana mutum magana don kawai ba ka yarda da shi ba, ba daidai ba ne. Ya fito gaban 'yan kallo ya faɗi abin da ya sani game da yaƙin, ya bar wasan ya ci gaba. Toh, kafin mu yanke hukunci, mu ga me ya faru a zahiri.

10/ Alamo tsohon gidan mishan ne da Sifaniyawa suka kafa a 1718 a inda yanzu birnin San Antonio yake. Daga baya ya zama barikin soja. A lokacin yaƙin, Teksas yanki ne na ƙasar Meziko, wadda ta samu 'yancin kai daga Sifaniya a 1821. Ku riƙe wannan da kyau: ƙasar Meziko ce, ba ta Amurka ba.

11/ Meziko da kanta ta gayyato baƙi daga Amurka su zo su zauna, ta ba su ƙasa da arha. Stephen Austin ya kawo iyalai wajen 300 na farko. Sharaɗin shi ne su zama 'yan ƙasar Meziko, su bi dokokinta. Da yawansu daga kudancin Amurka suka fito, noman auduga suka sani, kuma audugar nan bayi ne ke noma ta.

12/ A 1829 shugaba Vicente Guerrero ya soke bauta a Meziko. Baƙin Teksas suka tada jijiyar wuya har aka ɗage musu dokar. A 1830 gwamnati ta hana ƙarin shigowar baƙi daga Amurka, ta kuma hana shigo da sababbin bayi. Mai gonar auduga ya gane cewa dukiyarsa tana kan siraɗi muddin yana ƙarƙashin Meziko.

13/ Amma fa adalci: ba bauta kaɗai ce ta kawo tawayen ba. A 1835 Janar Santa Anna ya ture tsarin mulkin tarayya na 1824, ya tattare iko a babban birni. Jihar Zacatecas, wadda ba ruwanta da baƙin Amurka, ita ma ta yi bore, ya murƙushe ta da ƙarfin soja. Don haka ƙorafin kama-karya gaskiya ne.

14/ A watan Disambar 1835 'yan tawayen Teksas suka ƙwace San Antonio. Santa Anna ya taso da runduna da kansa, cikin hunturu, ya iso ranar 23 ga Fabrairun 1836. Mutanen da ke cikin Alamo wajen 200 ne. Shi kuma ya kafa jar tuta, alamar cewa ba wanda za a bari da rai.

15/ Ƙawanyar ta kai kwana 13. William Travis, kwamandansu mai shekara 26, ya yi ta aika wasiƙun neman agaji. Mutum 32 daga garin Gonzales suka ratso suka shigo, sun san abin da ke jiransu. Da asubahin 6 ga Maris sojojin Meziko suka afka wa ganuwar. Cikin kamar awa ɗaya da rabi an gama.

16/ Kusan duk mayaƙan da ke ciki sun mutu, aka tara gawarwakinsu aka ƙone. Sojojin Meziko ma ɗaruruwa ne suka mutu ko suka ji rauni. An bar mata da yara, ciki har da Susanna Dickinson da jaririyarta, aka sake su don su je su ba da labari, sauran 'yan tawaye su tsorata.

17/ Lissafin Santa Anna ya juye masa. Ranar 27 ga Maris aka harbe fursunonin yaƙi sama da 300 a Goliad bisa umarninsa. Fushi ya haɗa kan mutane. Ranar 21 ga Afrilu, a San Jacinto, rundunar Sam Houston ta auka wa sansaninsa suna ihun a tuna da Alamo. Faɗan minti 18 ne, amma kisan ya ci gaba na awoyi. Washegari aka kama shi.

18/ Teksas ta zama jamhuriya, a 1845 ta shiga Amurka, shekara mai zuwa yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko. Kafin 1848 ta ƙare, Meziko ta rasa wajen rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Kun ga dalilin da ya sa ƙaramin gidan mishan ya zama kamar wurin ziyara.

19/ Yanzu mu dawo kan Bruce. Shin mutanen Alamo matsorata ne? A'a. Mutum 200 da suka zauna kwana 13 suna kallon runduna ta ninka su sau da yawa, ga igwa tana dukan bango dare da rana, ba a kiran su matsorata. Idan wannan ce sukar, to Hank ya ci wasa tun kafin a busa usur.

20/ Matsalata da kashin ke nan. Marubutan sun ba Hank abokin karawa mara ƙarfi. Bruce bai damu da gaskiya ba, so yake a yi maganarsa, a ce ya girgiza gari. Irinsa akwai su, ba musu. Amma idan kana son ka gwada imanin Hank da gaske, ba giya da tsoro za ka ɗora a dandamali ba. Joe za ka ɗora.

21/ Wa ye Joe? Bawan Travis ne, saurayi. Yana cikin Alamo ranar da aka shiga, ya ga lokacin da aka harbe ubangidansa a kan ganuwa. Sojojin Meziko suka bar shi da rai. Yana daga cikin mutanen farko da suka ba shugabannin Teksas labarin yadda aka yi. Yawancin abin da aka sani game da mutuwar Travis daga bakinsa ya fito.

22/ Ladansa? Aka mayar da shi cikin kayan gadon Travis, bawa kamar da. Ranar 21 ga Afrilun 1837, daidai shekara ɗaya da nasarar San Jacinto, ranar da ake bikin 'yanci, Joe ya gudu. Aka buga cigiya a jarida, da tukwici ga wanda ya kamo shi. Ku ɗan tsaya ku juya wannan a ranku.

23/ Kuma ba tsautsayi ba ne. Tsarin mulkin Jamhuriyar Teksas na 1836 ya hana majalisa yin dokar 'yanta bayi. Ya kuma hana baƙar fata mai 'yanci zama na dindindin a ƙasar sai da izinin majalisa. An rubuta wannan a watan Maris ɗin da aka yi yaƙin Alamo. Wata ɗaya, alƙalami da bindiga suna aiki tare.

24/ A 1836 bayi a Teksas wajen 5,000 ne. A ƙidayar 1860 sun haura 180,000. Don haka idan an ce mutanen Alamo sun mutu ne don 'yanci, tambayar da ta kamata ita ce: 'yancin wa? Wannan tambayar ba ta mayar da su matsorata. Tana dai nuna cewa mutum zai iya jarumta a fagen daga alhali abin da yake karewa akwai zalunci a ciki.

25/ Ku dubi manyan ukun ma. Jim Bowie, mai shahararriyar wuƙar nan, ya yi fasa-ƙwaurin bayi tare da ɗan fashin teku Jean Lafitte, ya kuma yi damfarar takardun fili. A kwanakin ƙawanyar yana kwance ba lafiya, a kan gado ya mutu. Travis lauya ne da ya baro matarsa da ɗansa da bashi a Alabama.

26/ Davy Crockett kuwa tsohon ɗan majalisar wakilai ne daga Tennessee. A 1830 ya ƙi goyon bayan dokar shugaba Andrew Jackson ta korar 'yan asalin ƙasa daga filayensu, abin da ya jawo masa baƙin jini a siyasa. Ya faɗi zaɓe a 1835, ya tafi Teksas neman sabuwar rayuwa. Mutane ne, kowa da nasa fari da baƙi.

27/ Akwai kuma waɗanda labarin kaboyi ya goge: 'yan asalin Teksas masu jin Sifaniyanci da suka yi yaƙi a ɓangaren tawaye. Gregorio Esparza ya mutu a cikin Alamo, ɗan'uwansa Francisco yana ɓangaren Meziko. Shi ya roƙi izini ya ɗauki gawarsa ya binne, ba a ƙone ta da sauran ba. Gida ɗaya, tuta biyu.

28/ Juan Seguín yana cikin Alamo, aka tura shi neman agaji, shi ya sa ya tsira. Ya yi yaƙi a San Jacinto. A 1837 shi ya jagoranci binne tokar abokansa. Ya zama sanata, ya zama magajin garin San Antonio. A 1842 sababbin baƙi suka yi masa ƙazafin cin amana, dole ya tsere zuwa Meziko, ƙasar da ya yaƙa. Allah sarki.

29/ Toh ina Hank ya samo nasa labarin? Wani ɓangare daga makaranta, don a Teksas yara suna karanta tarihin jihar a aji na 4 da na 7. Amma babban ɓangare daga allon talabijin da sinima ne. Wannan shi ne abin dariyar da kashin bai tsaya a kai sosai ba: labarin da Hank ke karewa, shi ma shiryayye ne.

30/ A 1954 da 1955 kamfanin Disney ya nuna labarin Davy Crockett a talabijin, Fess Parker ya fito a matsayinsa. Yaran Amurka suka haukace da sayen hularsa mai jela. A ƙarshen shirin an bar shi yana wulwula bindiga kamar kulki, abokan gaba sun kewaye shi. A 1960 John Wayne ya zo da nasa fim ɗin, ya ƙara wa miyar gishiri.

31/ Labarin nan da ake so sosai, wai Travis ya ja layi a ƙasa da takobi ya ce duk wanda ya shirya mutuwa ya tsallako, sai a 1873 aka fara buga shi. Shekara 37 bayan yaƙin, daga hannun William Zuber, wanda ba ya wurin, ya ce daga iyayensa ya ji. Labari ne mai daɗi, amma ƙafarsa ba ta da ƙwari.

32/ Sannan ga batun yadda Crockett ya mutu. Wani hafsan Meziko, José Enrique de la Peña, ya bar rubutu cewa an kama wasu 'yan kaɗan da rai, Crockett na cikinsu, Santa Anna ya sa aka kashe su. An fassara rubutun zuwa Turanci a 1975. Masana suna ta jayayya kan ingancinsa har yau.

33/ Abin lura shi ne yadda mutane suka karɓi maganar. Dan Kilgore ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a 1978 yana goyon bayan wannan ruwaya, sai wasiƙun zagi suka yi ta zuwa masa. Kan me? Kan cewa wani mutum da ya mutu shekara 142 da suka wuce, watakila an kashe shi bayan faɗa ne, ba a tsakiyar faɗa ba. Tab!

34/ A nan nake jinjina wa katun ɗin. Ya gane cewa mutane irin Hank ba shekarar 1836 suke karewa ba, yarintarsu suke karewa, da abin da iyayensu suka faɗa musu, da jin cewa su 'ya'yan wasu ne. Shi ya sa zafin ya yi yawa. Kuma kashin bai raina Hank ba, ya yi masa dariya irin wadda ake yi wa kawu.

35/ Na kuma jinjina masa kan ƙarshen, domin abin da Hank na katun ya ƙi yi, mutanen gaske sun yi shi. A 2018 wani kwamiti ya ba da shawarar a cire kalmar da ke siffanta masu kare Alamo da jarumta daga manhajar aji na 7. Gwamna Greg Abbott ya fito ya yi tir, aka yi ca, hukumar ilimin jihar ta bar kalmar.

36/ A 2021 marubuta uku, Bryan Burrough da Chris Tomlinson da Jason Stanford, suka fitar da littafin Forget the Alamo, wanda ya sa bauta a tsakiyar labarin. Gidan tarihin jihar da ke Austin ya shirya zaman tattaunawa a kai. Ana saura 'yan awoyi aka soke. Mataimakin gwamna Dan Patrick ya fito fili ya ce shi ya sa a soke.

37/ Kun ga abin? A 2004 mai sayar da gas na cikin katun ya fahimci cewa ba a kare tarihi da rufe bakin wani. Shekara 17 bayan haka, masu riƙe da jiha suka kasa kai wa inda ya kai. Kuma soke zaman ya zama talla kyauta, littafin ya ƙara kasuwa. Wanda bai ji labarinsa ba ma ya ji.

38/ Na san wani zai ce: Malam, katun ne fa, minti 22, me kake so su yi, su karanta mana kundin digiri? Na yarda ba aikinsu ba ne koyar da tarihi. Amma su suka zaɓi batun. Tunda sun zaɓa, wanda suka ɗora a kujerar mai suka shi mai kallo zai tafi da shi a ka. Ya kashe talabijin yana jin duk mai taɓa Alamo Bruce ne.

39/ Wani kuma zai ce: ai bai ma kamata a yi wasa da inda aka zubar da jini ba. Wannan ban yarda ba. Dariya ba ta taɓa waɗanda suka mutu. Masu rai take taɓawa, masu amfani da sunan matattu wajen sayar da giya da neman ƙuri'a. Abin dubawa kawai shi ne, wa aka yi wa dariyar, kuma wa aka manta ba a ko sa shi a hoton ba.

40/ Me ya shafe mu? Abu biyu. Na farko, iyayenmu da yayyenmu da yawa sun tashi da finafinan kaboyi, a sinima da talabijin, har kalmar ta zauna daram a Hausa. An tafa wa mai hula da doki, ba a tambayi filin wa yake tsaye a kai ba. Labarin iyakar Amurka ya iso mana ne daga bakin wanda ya ci yaƙi.

41/ Na biyu, kukan Hank namu ne. A Najeriya an cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Da yawa daga masu karanta wannan zaren a cikin wannan giɓin suka yi makaranta. Mu ne Bobby, an miƙa mana littafi babu shafin.

42/ Gwaji: mutum nawa a nan za su iya ba da labarin Burmi? Ranar 27 ga Yulin 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a can tare da ɗaruruwan mutanensa, suna fuskantar sojojin Ingila, watanni bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Ba ɗaya suke da Alamo ba, don a Burmi masu ƙasa ne ke fuskantar baƙi. Amma tsayuwar ƙarshe ce, tamu.

43/ Kuma mu ma muna da shafukan da ba mu cika son buɗewa ba. A 1906 aka shafe garin Satiru, kusa da Sakkwato, bayan boren da talakawa da bayin da suka gudo suka yi yawa a cikinsa. Sojojin Turawa ne suka yi, tare da dakarun sarauta. Duk wanda ya tafa wa Joe a sama, sai ya shirya jin wannan ma.

44/ Inda makaranta ta bar giɓi, TikTok da WhatsApp ke cikewa. Kuma a can mutum biyu za ka tarar. Akwai Hank ɗinmu, wanda a wurinsa kakanni ba su taɓa kuskure ba, kana tambaya ya ce ba ka da tarbiyya. Akwai Bruce ɗinmu, wanda ya gano zagin magabata na kawo mabiya, ya mayar da shi sana'a.

45/ Dukkansu biyun hutu suke nema, don karatu da wahala. Ka ce mutum jarumi ne ka yi shiru, da sauƙi. Ka ce ɗan iska ne ka yi shiru, shi ma da sauƙi. Mai wuyar ita ce ka riƙe cewa Travis ya tsaya a kan ganuwa har ya mutu, kuma Joe na bayansa a matsayin dukiya, ka ƙi sakin ko ɗaya daga ciki.

46/ Da ni aka ba alƙalamin kashin, ba zan taɓa ƙarshensa ba. Hank ya bar wasan, ya yi jawabinsa, duk daidai. Abu ɗaya zan ƙara: bayan ya gama, Bobby ya ja hannunsa ya ce, Baba, shi wancan saurayin da ya ba da labarin, ina ya ƙare? In ga yadda mutum mai gaskiya irin Hank zai amsa wa ɗansa. Ina kyautata zaton ba zai yi masa ƙarya ba.

47/ Duk da haka ku nemi kashin ku kalla, ya cancanci lokacinku. Ku yi dariyar, don akwai ta. Bayan nan ku nemi labarin Joe da na Seguín ku karanta. Wanda kuma yake da kaka ko tsohon malami a kusa, ya tambaye shi me ya ji game da zuwan Turawa garinsu, ya ɗauka a waya tun ana tare.

48/ Nan zan tsaya. Tambayata gare ku: da wani zai yi katun na barkwanci kan wani yaƙi na tarihin garinku, ya nuna jarumtar ya kuma nuna abin kunyar, za ku bari a nuna ko za ku nemi a sauke shi? Ku faɗi gaskiya fa, ba amsar da za ta burge mutane ba. Ina jiran ku a ƙasa. 👇🏾